Ranar da Rariya Ya Sa Aka Kulle Shi da Baturansa

Sunansa na gaskiya yana nan kwance cikin fayil a ofishin Manaja, amma duk asibitin ba mai kiransa da shi. Rariya ake ce masa, kuma ba sai ka tambayi dalili ba, rigarsa za ta ba ka amsa. Shekara goma sha tara ke nan yana ma'amala da ruwan asid, ba shi da rigar da iska ba ta shigarta ta ƙofa goma. Matarsa ta ajiye allura tun suna da 'ya'ya biyu.

"Baban yara," ta ce, "na gaji da yi wa asid faci. In ka ga dama ka tafi aiki sanye da gidan sauro, ba wanda zai gane bambanci."

A bakin titi ya fara, a rumfar wani kawunsa mai cajin batirin mota. Can ya koyi abubuwa uku da har yau yake rantsuwa da su: batir ba ya shan ruwan famfo, batir ba ya son zafi, kuma ba a shiga tsakanin batura da sifana tsirara. Na ukun nan da gashin baki ya saye shi. Sifana ce ta suɓuce masa ta faɗa kan batir ta haɗa kai biyu, wuta ta yi tsalle, ya koma gida da rabin gashin baki yana ƙaurin babbaka. Tun daga ranar duk sifanarsa naɗe take da baƙin salatif, bakinta kaɗai ke leƙowa.

Da asibitin ya gina ɗakin batura a bayan ɗakin gwaji, shi aka ɗauka ya kula da shi. Ɗaki ne ɗan tsukuku mai ƙofar ƙarfe, da wata 'yar taga can sama wadda kyanwa ma sai ta rage cin abinci kafin ta bi. A ciki batura ashirin da huɗu ne jere a kan marikin ƙarfe, kowanne ya kusa kai masa ƙugu, an ɗaure su kai da kai da faffaɗan ƙarfe kamar raƙuman ayari. Shi ya rubuta musu lamba da farin fenti. A kusurwa kuma ga inbata, akwatin da ke karɓar wutar baturan ya mayar da ita irin wadda firij zai iya sha.

Aikin a baki ba wuya. Wutar gari takan ɗauke wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Janareta kuwa dokar asibiti ta ce ba a tashinsa sai biyar na yamma, saboda mai. Awa shidan da ke tsakani a wuyan baturan Rariya suke: fankoki, na'urorin gwaji, da uwa uba firij ɗin jini. Firij ɗin nan na Sista ne, wata mace gajera mai murya kamar ƙararrawar makaranta, wadda ke duba sanyinsa fiye da yadda take duba jikokinta.

Shekara da shekaru ba a ji kansu ba. Sai wata uku da suka wuce, ranar wata Talata, ƙarfe uku saura, inbata ta yi ƙara sau uku ta mutu. Aka shiga neman mai janareta, shi kuma ya ce sai an kawo masa takardar izini, mai sa hannun kuma yana taro. Kafin wuta ta dawo firij ya fara gumi. Washegari haka, jibi haka. A mako na shida sai da Sista ta zubar da leda biyu na jini da hannunta, ta fito idonta jajur ta tsaya a gabansa.

"Malam Rariya, ka san mutum nawa na roƙa kafin in samu ledar nan biyu? Ɗaya direban babbar mota ne, sai da na bi shi har tasha."

"Sista, wallahi da safe na auna su, lafiyarsu lau."

"To ka gaya wa jinin. Ka je ka ce masa da safe lafiyarsu lau."

Nan fa gizo yake saƙar. Da safe lafiyarsu lau, kuma Rariya ba shi da ikon ganinsu sai da safe.

Shekara shida baya an taɓa sace batura biyu daga ɗakin. Ba a kama ɓarawo ba, sai aka kama makulli. Aka kafa doka, aka manna ta a jikin ƙofa cikin leda: makullin ɗakin batura yana hannun Mai Sito shi kaɗai, zai buɗe ƙarfe takwas, ya kulle ƙarfe goma. Mai Sito kuwa, dogon mutum mai tabarau a ƙarshen hanci, ƙarfe goma da minti biyar yake hawa motar asibiti ya tafi babban ɗakin ajiya karɓo kaya, ba ya dawowa sai huɗu da rabi, makullin yana lilo a ɗamararsa.

Ka ga ke nan Rariya yana shiga ne lokacin da baturan suka kwana suna shan caji, sun ƙoshi, wutar gari na nan, ba abin da suke ɗauka. Ya ɗora mitar auna ƙarfin wuta a kan kowanne: biyu da ɗigo ɗaya, biyu da ɗigo ɗaya, har ashirin da huɗu, kamar 'yan makarantar da suka kwafi amsa wurin mutum guda. Ya duba ruwa, ya ƙara inda ya ragu. Ya goge farin garin nan da ke taruwa a kawunansu, ya shafa man giris. Ya bi kowane noti da sifana har sai da tafin hannunsa ya yi kanta. Ƙarfe uku ta yi, inbata ta mutu, shi yana tsaye a waje ya kafa kunne a ƙofar ƙarfe kamar mai gulma.

Takarda uku ya rubuta wa Manaja. Ta huɗu ya kai da ƙafarsa.

"Yallaɓai, jaki ba a gane gurgunsa a turke, sai an ɗora masa kaya. Batir ma haka. Cikin ashirin da huɗun nan akwai munafuki guda, da safe ya yi min fuskar salihai, da rana ya durƙusa ya ja sauran ƙasa. A ba ni makulli rana ɗaya tak, in kama shi yana cikin aikatawa."

Manaja mutum ne mai son takarda da sanyin ofis. Ya jingina da kujera ya ce, "Malam Rariya, mita ta san agogo ne? Abin da ta faɗa da safe ai shi za ta faɗa da rana."

"Yallaɓai, ni ma da safe in ka auna ni saurayi ne. Ka dawo ƙarfe uku ka gani."

"Makulli doka ce. Ba ni na kafa ta ba, na tarar da ita."

"To a ce Mai Sito ya zauna rana ɗaya."

"Ya zauna, wa zai karɓo mana auduga da sirinji? Kai?"

Maimakon makulli, sai aka kawo masa baƙo. Wani mutumin kamfani mai laktaye da jaka mai ƙyalli, turarensa ya riga shi shiga ɗakin. Ƙarfe tara na safe ya zo, shi ma. Ya ɗora tasa mitar mai magana da Turanci, ta nuna masa biyu da ɗigo ɗaya sau ashirin da huɗu. Ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta, ya ce baturan duka sun tsufa, a kwashe su, kamfaninsu zai zuba sababbi kuma ya riƙa turo mai dubawa duk wata uku. Da ya zo fita ya kalli rigar Rariya daga wuya zuwa gwiwa, ya ce, "Baba, ai kai ma ka huta."

Ranar Litinin Manaja ya kira Rariya. "Zuwa Juma'a. In wutar nan ta sake ɗaukewa har Juma'a, zan sa hannu a takardar kamfani. Ka san abin da hakan ke nufi, ba sai na faɗa ba."

Ya sani. In kamfani ya shigo ta ƙofa, Rariya ta taga zai fita, tagar nan ma da kyanwa ba ta bi.

Litinin ta ɗauke. Talata ta ɗauke. Yammacin Talatar ya koma gida ya zauna a kan tabarma, aka ajiye masa abinci ya zuba masa ido.

"Ka ci mana, ko shi ma sai ka auna shi?" in ji matarsa.

"Maman yara, shekara goma sha tara. Ko sau ɗaya ban taɓa zuba musu ruwan famfo ba. Yanzu mai turare zai zo ya tashe ni saboda ƙofa."

"Ƙofar ce ta hana ka shiga?"

"Ƙarfe goma ake kullewa."

"Na ji ana kullewa. Cewa na yi ta hana ka shiga? Ni da nake gani kullum kana shiga ƙarfe takwas. Fitowar ce dai kake yi da ƙafarka, ba wanda ya ja ka."

Rariya ya tsaya da loma a hannu. Ya kalle ta, ta ci gaba da tsince shinkafarta kamar ba ita ta yi magana ba.

Safiyar Laraba ya iso da buhu a kafaɗa: mita, tocila, sifanu biyu, guntun kebur mai kaurin babban yatsa, gorar ruwan sha, burodi, da wani galan fanko wanda ba sai an yi bayaninsa ba. Goma saura biyar Mai Sito ya zo yana kaɗa makulli.

"Fito, mutumina, mota na jira."

"Kulle abinka."

"In kulle me? Kana ciki?"

"Karanta dokar."

Mai Sito ya gyara tabarau ya matsa jikin ƙofa, ya bi rubutun da yatsa, leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshe ya dawo farko.

"Ta ce in kulle ƙarfe goma."

"Ta ce ka fitar da ni?"

"Ba ta ce ba."

"To ka ga. Kai ka bi doka, ni na bi batura. Kuma ka lura, yau ko ɓarawo ya zo akwai mai gadi a ciki."

"In ka mutu fa? Wa zai rubuta bayani?"

"Ka ce ka tarar da ni a lissafin kaya. Batir ashirin da huɗu, inbata ɗaya, tsoho ɗaya."

Mai Sito ya daɗe yana kallon takardar, ko za ta canza ra'ayi. Direba ya danna oda a waje. Mai Sito ya ce, "Ni dai ban ga komai ba," ya ja ƙofa, kwaɗo ya ce ƙaras.

Goma sha ɗaya da 'yan mintoci wutar gari ta ɗauke, inbata ta yi gurnani ta ɗauki kaya. A karo na farko cikin shekara shida Rariya ya ga baturansa suna aiki. Ya tsaya yana kallonsu da alfahari, irin na uban da ya leƙa ya ga ɗansa a bakin sana'a. Bai daɗe ba zafi ya kore wannan. Rufin kwano ne, ga inbata na huci, ga warin asid mai kama hanci. Ya tuɓe riga ya rataye, ya ga ashe da ita da babu duk ɗaya.

Ya ɗauki alli ya ja layi a bango. Duk rabin awa ya bi su da mita ɗaya bayan ɗaya ya rubuta. Zarginsa na kan lamba uku, wani tsoho mai kumburarren ciki wanda ya daɗe yana yi wa kallon banza. Sha biyu, kowa na tsaye. Ɗaya, sun ɗan sauka tare kamar yadda ya kamata, lamba uku na cikinsu bai yi ko tari ba. Ya yi azahar a ɗan filin da ke tsakanin mariki da bango, gwiwarsa na gugar ƙarfe. Ya ci burodin da ya riga ya zama tamkar soso.

Biyu da rabi ya zo kan lamba goma sha bakwai, mita ta ce ɗaya da ɗigo bakwai. Ya ɗaga ya sake ɗorawa. Ɗaya da ɗigo shida.

"Kai?" ya ce da ƙarfi. "Kai?"

Lamba goma sha bakwai ɗaya ne daga cikin biyun da aka sayo bayan sata. Shi ne mafi ƙuruciya a jerin, jikinsa na sheƙi, tambarinsa ko ƙwarzane babu. Shi Manaja ke nuna wa baƙi. Shi mai turare ya dafa ya ce wannan kaɗai ne mai sauran rai. Rariya ya kai bayan hannunsa jikinsa, yadda kawunsa ya koya masa, ya janye da sauri. Zafi kamar goshin mai zazzaɓi. Maƙwabtansa na dama da hagu kuwa ɗumi kawai.

"Munafuki! Wata uku! Ina goge ka, ina shafa maka mai, ina zagin tsohon da bai ci min komai ba!" Ya juya wajen lamba uku. "Baba, ka yafe ni."

Mita ta ce ɗaya da ɗigo biyu. Yana gangarawa kamar guga a rijiya, kuma in ya kai ƙasa zai ja ayarin duka. Magani ɗaya ne: a cire shi daga layi, a tsallake shi da kebur, ashirin da uku su riƙe. Za su iya, da ƙyar, zuwa biyar. Amma ba a kwance batir yana ɗauke da kaya, sai an kashe komai. Ma'ana shi da kansa zai ɗauke wutar asibiti, a makon da aka ce in ta ɗauke ya tafi.

Ya taka mariki ya kai bakinsa 'yar tagar nan.

"Sista! Sista!"

Can ya ji takunta. "Wane ne? Daga ina ake kirana?"

"Ni ne, Rariya. Nan sama."

"Innalillahi! Me kake yi a ciki? Wa ya kulle ka?"

"Doka. Sista, ki saurare ni. Na kama shi. Zan kashe wuta minti biyar. Kada kowa ya buɗe firij, ko Manaja ne ki buge masa hannu."

"Ka kashe? Kai da ake jira ka hana ta mutuwa?"

"In na kashe, biyar ne. In ta mutu da kanta, kin san sauran."

Sai ta ce, "Ina riƙe da agogo. In ka kai shida, ba Manaja ne zai kore ka ba, ni ce."

Ya sauko ya ja babban makunni. Gurnanin inbata ya tsaya, duhu ya rufe ɗakin, daga cikin asibiti aka ɗauki salati da tsaki. Ya cije tocila a baki. Noti na farko ya kwance salin alin. Na biyu ya ƙi, shi da kansa ya ɗaure shi jiya da dukkan haushinsa. Gumi na shiga masa ido, sifana na santsi.

"Minti biyu!" in ji Sista ta taga.

Ya sa gwiwa ya danna, notin ya yi ƙara ya saki, fatar yatsarsa ta tafi tare da shi. Ya zare ƙarfen haɗin ta wannan gefe, ya zare ta wancan, lamba goma sha bakwai ya tsaya shi kaɗai ba dangi. Ya jawo kebur daga sha shida zuwa sha takwas. Wajen miƙa hannu ya zungure murfin wani batir, ɗigon asid ya fantsama a wandonsa, wandon da ya rage masa mai mutunci.

"Huɗu!"

Sai ga muryar Manaja a bakin ƙofa, yana dukan ƙarfe da tafin hannu. "Wa ke ciki? Buɗe ƙofar nan!"

Rariya ya tofar da tocila. "Yallaɓai, makulli doka ce!"

Ya ɗaure noti na ƙarshe, ya lalubo makunni ya tura. Inbata ta yi shiru na daƙiƙa biyu da suka fi masa shekara goma sha tara tsawo, sannan ta yi gurnani. Daga nesa ya ji firij ya kama.

Uku ta yi, ba ƙara. Uku da rabi, huɗu. Da Mai Sito ya dawo ya buɗe, ya tarar da taro a bakin ƙofa, Rariya kuma zaune a kan galan ba riga, jiƙe sharkaf, bango cike da lambobin alli. Rariya ya miƙe ya kama hannun Manaja ba neman izini, ya ɗora bayan hannun a jikin lamba goma sha bakwai. Manaja ya fizge hannu.

"Da safe biyu da ɗigo ɗaya ne, Yallaɓai. Gobe ma in ka zo da safe haka zai ce maka."

Alhamis wuta ba ta ɗauke ba. Juma'a ma haka. Manaja ya mayar da takardar kamfani cikin durowa, ya ba da umarni a nemo batir guda. Mai Sito ya yi gyaran murya ya ce ai akwai ɗaya a sito, tun shekara biyu, bayan kwalayen safar hannu, ba wanda ya cike takardar nema ne. Rariya ya fita waje ya zagaya ginin sau biyu kafin ya iya magana da mutane. Sista ta aiko masa da riga sabuwa cikin leda, da saƙon cewa kada ya kuskura ya shiga ɗakin nan da ita.

Litinin aka kira shi ofis. Ya tafi da tabbacin yau zai fito da makulli a aljihu. Manaja ya miƙa masa takarda biyu. Ta farko gargaɗi ce, saboda ɗauke wutar asibiti minti biyar ba tare da izini a rubuce ba. Ta biyu sabuwar doka ce da za a manna a ƙarƙashin tsohuwar: ganin amfanin da aka samu, daga yau duk ranar Laraba Mai Sito zai kulle ɗakin batura ƙarfe goma tare da mai kula da su a ciki.

"Yallaɓai, da makullin aka yanko min guda…"

"Malam Rariya, ka fi kowa sani. Kai ka faɗa da bakinka, makulli doka ce, duk asibiti sun ji."

Yana nan har yanzu. Duk Laraba za ka gan shi da buhunsa da galan ɗinsa, yanzu har da 'yar kujera da mafici, yana tsaye yana jiran a kulle shi. Matarsa takan miƙo masa ƙunshin abinci a bakin ƙofar gida ta ce, "Ga na ɗan kurkuku. A gaida lamba uku." Mai Sito kuma kafin ya ja ƙofa sai ya leƙa ya ƙirga da yatsa, batura ashirin da huɗu, inbata ɗaya, sannan ya nuna Rariya da makulli.

"Kulle, malam," in ji Rariya, "ana ɓata min lokacin aiki."